Babi na Bakwai: Ɗarin Kan Tsauni

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Wanda ya tashi daga Faru ya bi ta Maradun ya nufi Talata Mafara, ko ya karkata zuwa Bakura, ba zai gamu da hawan da zai sa shi haki ba. Gonakin gero da dawa ne, sai fadamu, sai ruwan Bakolori da magudanansa. Tudun yankin bai wuce mita 300 da 'yan kai bisa teku ba. Dutsen da ya amsa sunansa sai an wuce Gusau a ga na Kwatarkwashi tsaye a gefen hanyar Funtuwa, shi ɗin ma abin da mai hawansa ke shakka santsi ne da ƙishirwa. Saboda haka dabarun da muka gada na zama lafiya da yanayi duk na zafi ne: riga mai faɗi wadda iska ke ratsawa, inuwar bedi, ruwan randa, kwana a tsakar gida. Hunturu kan sauka a Disamba, ya busar mana da leɓe, ya tsattsaga mana dugadugai, kafin ƙarshen Fabrairu ya kama gabansa. Maganinsa a wurinmu bai wuce bargo da wutar kara da man kaɗanya ba, sai kuma haƙuri har hantsi ya ɗaga.

Sai dai mutanenmu ba su zama wuri ɗaya. Akwai ɗan kasuwar da fatauci ya kai Gembu da Nguroje a kan tsaunin Mambila, inda tudun ƙasa ke kaiwa mita 1,600 har ya zarce, ake noman ganyen shayi a Kakara. Akwai soja da ɗan bautar ƙasa da aka tura can ba shawara. Akwai matasan da ake kaiwa horo a duwatsun Shere kusa da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Akwai masu ci-rani da ke ratsa Agadas, su bar duwatsun Azbin a gefe, inda Bagzan ya haura mita 2,000, su isa Tamanrasat ta Aljeriya, garin da ke bisa tudu kusan mita 1,400, ɗarinsa na dare ba ya wasa. Yanzu kuma an samu 'yan birni masu tara kuɗi musamman don su je su hau Chappal Waddi a Taraba, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419 a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, ko ma su tsallaka Tanzaniya su gwada Kilimanjaro mai mita 5,895. Duk waɗannan da jikin ɗan ƙasar zafi suke tafiya, da kuma tunaninsa.

Mai hankali zai ce ai wanda ya hau sama ya ƙara kusantar rana, me zai kawo masa sanyi? Amsar ita ce rana ba iska take gasawa kai tsaye ba. Ƙasa take gasawa, ƙasar ce ke ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Iskar da ta tashi sama kuwa nauyin da ke danne ta raguwa yake yi, sai ta baje, bajewar nan ce ke sanyaya ta. A ƙiyasin masana yanayi, duk mita 1,000 da ka hau zafin iska na sauka da kimanin digiri 6.5. In ka ɗora wannan lissafi a kan Faru, tsayin Chappal Waddi ya cinye digiri 14. Asubahin hunturun da ke sa mu duƙunƙune a bakin wuta, a can ya kusa daskarar da ruwa. Tsayin Kilimanjaro kuwa ya cinye digiri 36: ranar Afrilu da kwalta ke narkewa a Mafara, ma'auni na nuna 40, a wancan tsayin digiri 4 ne, da rana tsaka ke nan.

Amma lambar da ke kan ma'auni ba ita ce ta fi kashe mutane ba, kuma nan ne nake son mai karatu ya tsaya da ni.

Tufafi ba sa yin zafi. Ka lulluɓe turmi da bargo goma ya kwana, da safe za ka same shi da sanyinsa. Jiki ne ke yin zafi daga abincin da aka ci, yana riƙe cikinsa a digiri 37 dare da rana. Mutum a zaune kaɗan yake samarwa. In ya kama hawa da kaya a baya yakan ninka haka sau biyar ko fiye, domin mafi yawan ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake komawa. Aikin tufafi kawai shi ne su tsare busasshiyar iska a jikin fata don kada zafin ya tsere. Duk abin da ya kore wannan iska ya tsiraita ka, ko da kana ɗauke da riga bakwai. Abu biyu ne ke korar ta: ruwa da kaɗawar iska.

Wannan ilimi akwai masu shi a ƙasarmu, sai dai ba a littafi suka karanta ba. Je ka filayen noman rani na Bakolori a watan Janairu kafin fitowar rana. Mai ban-ruwa ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya tsunduma cikin kwata yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, yana toshe wata da laka. Muddin yana aiki ba ya kuka da komai, har zufa takan tsattsafo masa a goshi. Bari ya fito ya tsaya a kan kunya, ƙafar wando a jiƙe, bayan riga a jiƙe, iskar gabas ta kaɗo. Kafin ya gama gaisawa da maƙwabcinsa haƙora sun fara haɗuwa. Za ka ji babban ya ce wa yaron, "Kai, tuɓe rigar nan ka sa busassa, kada ɗari ya shige ka." Iskar da yake ciki ɗazu ita ce yanzu, ma'auni bai motsa ba. Abin da ya canza shi ne ya daina motsi, kuma yana jiƙe. Ruwa na janye zafi daga fata kusan sau 25 fiye da yadda iska ke yi, sannan in yana bushewa ya ƙara tafiya da wani. Mutumin da ke tsaye cikin iska da jiƙaƙƙiyar rigar auduga ya zama randa: ruwa na tsattsafowa ta bayanta, iska na busar da shi, abin da ke ciki na ƙara sanyi. Dabarar da ke ba mu ruwan sha mai daɗi a bazara ita ce ke aiki a kan jikinsa.

Ɗan acaɓa shi kuma ya san ɗaya rabin. In zai ɗauki hanyar Mafara zuwa Bakura da sassafe yakan yago kwali ya cusa a ƙirji ƙarƙashin jaket, wani ma leda yake sawa. Kwali ba ya da ɗumi ko kaɗan, amma iska ba ta ratsa shi. A kan tsauni ba ka buƙatar babur. Iskar ce ke zuwa ta same ka da gudun babur, a fili fetal inda babu bishiya babu katanga.

Wanda yake ganin wannan magana ta tsaunukan ƙanƙara ce kawai, ya duba abin da ya faru a lardin Gansu na ƙasar Sin ranar 22 ga Mayu, 2021. An shirya tseren kilomita 100 a cikin duwatsun yankin Baiyin, mutum 172 suka shiga. Watan Mayu ne, ba lokacin sanyi ba, kuma mafi tsayin wurin da za su bi bai fi mita 2,200 da 'yan kai ba, wato bai ma kai Chappal Waddi ba. Masu shirya gasar ba su wajabta ɗaukar rigar tare iska ba, don haka da yawa suka fita da gajeren wando da 'yar riga. Wajen tsakar rana, suna cikin hawa mafi wuya, hadari ya rufe su da ruwa da ƙanƙara da guguwa. 'Yan mayafan leda masu ƙyalli da suka riƙe don ko-ta-kwana iska ta yayyaga wasu ta tafi da wasu. Mutum 21 suka mutu. Ba raggwaye ba ne. A cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen dogon tsere na ƙasar, kuma cikin mutum shida da ke kan gaba ɗaya ne kawai ya rayu. Ƙarfinsu ne ya kai su can sama da wuri, inda iskar ta fi muni. Shida daga cikin waɗanda suka tsira wani makiyayin tumaki ne mai suna Zhu Keming ya cece su. Ya san wani kogo da yake fakewa, ya ajiye tufafi da ɗan abinci a ciki. Ya shigar da su, ya hura wuta, ya lulluɓe su. Ba ya da horon tsere, amma ya san inda iska ba ta kaiwa, kuma yana da busasshen abin rufa.

A ganina matsakaicin tsauni ya fi hatsari ga irinmu. Wanda zai je Himalaya ya san zai gamu da ƙanƙara, ya sayi kaya, ya nemi jagora. Wanda zai hau Mambila ko Shere kuwa cewa yake yi ai Nijeriya ce, ya ɗauki shaddarsa da wandon jins. Alhali ruwan sama da iska a digiri 5 ko 8 sun ishe su kwantar da ƙato, kuma damina a Mambila doguwa ce, ga hazo mai jiƙa kaya ba tare da an ga ɗigo ya sauka ba.

Auduga ita ce matsalar farko, mu kuwa mutanen auduga ne. Singileti da shadda da jins da gwado duk suna shan ruwa su riƙe, su manne a fata, su ƙi bushewa. A Faru wannan alheri ne. A kan tsauni abin da zai taɓa fata ya zama wanda ba ya riƙe zufa, kuma ba sai an je kanti mai tsada ba: rigar 'yan ƙwallo mai dogon hannu, irin wadda ake zubewa a kasuwar Talata, ta fi singiletin auduga nesa ba kusa ba. A kanta sai suwaita ta ulu ko ta zaren roba mai laushi. Ulu ko ya jiƙe bai rasa ɗuminsa duka. Guda biyu marasa kauri sun fi ƙatuwa ɗaya, don ana iya cire ɗaya a bar ɗaya. A can waje kuma sai rigar da ruwa da iska ba sa ratsawa, mai hula a haɗe. Duk wannan dilar gwanjo na da shi, in mutum ya duba takardar da ke wuyan rigar maimakon ya auna nauyinta a hannu. Riga mai nauyi da kauri wadda aka yi da auduga kallon kitse ne ake wa rogo.

Sa kayan ba shi ne gwaninta ba, sanin lokacin cirewa ne. Ɗan ƙasar zafi in ya fito daga tanti da asuba ya ji ɗari, sai ya ɗora duk abin da ya mallaka ya kama hawa. Bayan minti ashirin ya jiƙe sharkaf daga ciki, da zufarsa. Daga nan ya gama da busasshen kaya har dare. Waɗanda suka saba sukan fara tafiya suna ɗan jin sanyi, don sun san jiki zai ɗau zafi nan da nan. Suna tafiya sannu, takun da mutum zai iya hira a cikinsa ba haki. Da sun ji zufa na shirin zuwa sai su buɗe zif ko su cire hula. Da an tsaya hutu kuwa, kafin ruwa, kafin waya, kafin hoto, rigar ɗumi ake fara zarowa daga saman jaka a sa, tun zafin tafiyar bai gudu ba. Wanda ya jira sai ya ji ɗari ya makara, don riƙe zafin da ke akwai ya fi sauƙi a kan nemo wanda ya tafi. Hutun ma gajere, a bayan dutse ko cikin kwari inda iska ba ta bugu, a zauna a kan jaka ba a kan dandaryar ƙasa ba.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa rabin zafin jiki ta kai yake fita. Ba haka ba ne. Kai na zubar da gwargwadon faɗinsa ne, kusan kashi 10 cikin 100. Amma in an rufe ko'ina aka bar shi, shi ne kafar da ta rage. A nan Buzayen Azbin sun riga kowa: rawaninsu da amawali ya rufe kai da kunne da wuya da baki, kuma numfashin da ke fita yana ɗumama wanda ke shiga. Hular sanyi da ɗan mayafi a wuya suna yin wannan aiki. Hannu da ƙafa su ne jiki ke fara sadaukarwa: in ya ji cikinsa na sanyi sai ya tsuke jijiyoyin da ke kai jini yatsu. Shi ya sa sau da yawa maganin sanyin yatsu shi ne a ƙara riga a ƙirji. Takalmi kada ya matse. Cusa safa uku cikin takalmin da ya yi daidai da ƙafa tare jini yake yi, ƙafar ta fi sanyi. Safa ta ulu, da wata busassa a ɗaure cikin leda wadda ba a taɓa ta sai dare.

Abinci kuwa ba a wasa da shi, tunda daga gare shi zafin ke fitowa. Makyarkyata kanta ƙoƙarin jiki ne na yin zafi ta girgiza tsoka, tana kuma cin ƙarfi sosai. Mai yunwa ba ya iya daɗewa yana yin ta. Abin haushi, tsayi na kashe sha'awar abinci, sanyi na kashe jin ƙishirwa, alhali busasshiyar iskar sama na kwashe ruwan jiki ta numfashi. Sai mutum ya ci ya sha da ƙa'ida ba da marmari ba, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Guzurin fatakenmu na da ya dace da wannan tafiya: dabino, ƙuli-ƙuli, dakuwa, soyayyiyar gyaɗa, kilishi, zuma. A sa su a aljihu inda hannu zai kai ba sai an sauke jaka ba. Shayi mai sukari a fulas. Dafa shinkafa da wake a sama ɓata itace ne, don a tsayin mita 2,400 ruwa na tafasa a wajen digiri 92, abinci ya daɗe bai nuna ba. Ranar hawa kuma ba ranar azumin nafila ba ce.

Da dare ƙasa ce ɓarauniya. Mutum kan tara bargo a samansa ya kwanta a kan tabarma, ya rasa dalilin da ya sa ya kwana yana karkarwa. Nauyin jikinsa ya matse abin da ke ƙarƙashinsa, babu iska a ciki, ƙasa na zuƙar zafinsa har asuba. Katifar soso siririya, ko buzun da malamai ke zama a kai, ko tarin busasshiyar ciyawa, sun fi ƙarin bargo amfani. A canza zuwa busassun kaya kafin a kwanta, a ci wani abu mai maiƙo, a zuba ruwan zafi a gora mai murfi a naɗe ta da safa a rungume.

Abu ɗaya ne nake roƙo kada a yi: shigar da garwashi ko risho cikin rufaffen tanti ko ɗaki. Mun saba da kaskon wuta a hunturu, kuma mun sha jin gidan da aka wayi gari ba wanda ya tashi. Gawayi na fitar da iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ciwon kai da kasala da barci, waɗanda a kan tsauni kowa zai ɗauka gajiya ce. Ta kashe ƙwararrun mahaya tsauni a cikin tantinsu. A yi girki a waje ko a bakin ƙofa a buɗe, a kashe wuta kafin a kwanta.

Akwai tambayar da littattafan Turawa ba sa amsawa, ita ce ta alwala. Musulmin da ya farka a digiri 2, iska na kaɗawa, zai tuɓe safa ya zuba wa ƙafa ruwa? In akwai halin ɗumama ruwa, a ɗumama, a yi alwalar a maɓoya, a goge gaɓoɓi nan take. In babu, shari'a ba ta bar mu a sarari ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Amru bin Asi ya wayi gari da janaba a yaƙin Zatus Salasil cikin dare mai tsananin sanyi, ya ji tsoron halaka in ya yi wanka, ya yi taimama ya ja sahabbai salla, kuma da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Malaman Malikiyya sun halatta taimama ga mai tsoron ruwa ya jawo masa cuta. Akwai kuma shafa a kan huffi na fata da aka sa bisa cikakkiyar alwala, ga rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli. Mai niyyar tafiya ya zauna da malaminsa tun a gida ya fahimci sharuɗɗan, ya sayi huffinsa. Na fi jiye wa mai tsoron Allah da bai san rangwame ba tsoro, don shi ne zai yi wanka da ruwan rafi da asuba a bisa tsauni yana ganin ibada yake yi.

Idan duk da haka sanyi ya shiga mutum, shi ne na ƙarshe da zai sani. Da cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, ƙwaƙwalwa na cikin abin da ke fara raunana. Sai ka ga yatsu sun kasa ɗaure igiyar takalmi ko jan zif. Harshe ya yi nauyi. Ya riƙa tuntuɓe a inda babu dutse. Mai fara'a ya koma shiru, ko ya hau faɗa ba dalili. Ka ce masa, "Malam, sa rigarka mana," ya ce, "Bar ni, lafiyata lau." Mu kuwa an rene mu a kan cewa namiji ba ya raki, ga kunya ta hana ƙarami ya matsa wa babba. A wannan wuri kunya ba ta da amfani. Ko yayanka ne, ko maigidanka, ka zaro rigar ka sa masa da hannunka. In abin ya yi nisa, wajen digiri 32 zuwa ƙasa, makyarkyatar sai ta tsaya, wanda bai sani ba ya ce ya samu sauƙi, alhali jiki ne ya gaza. Wasu a wannan hali sukan ji zafi na ƙarya su kama tuɓe kaya suna sambatu.

To, ka haɗa wannan da abin da muka taso muna ji game da duwatsu. Dala da Kufena da Kwatarkwashi duk an daɗe ana cewa mazaunin iskoki ne. Mutum a kan dutse, da magariba, yana surutai yana yage rigarsa: me ’yan tafiyarsa za su fara cewa? Za a kewaye shi ana tofi, iska na ci gaba da aikinta. Ba na hana addu'a. A yi ta, amma hannuwa na aiki. A kai shi maɓoya, a raba shi da ƙasa, a cire jiƙaƙƙun kaya a sa busassu, a lulluɓe shi har kai. A ɗumama ƙirji da hammata da gorar ruwan ɗumi a naɗe, ko wani ya shiga bargon tare da shi. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi shayi mai sukari. In ba ya ciki, kada a ɗura masa komai. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a tsayar da shi a ce ya taka, kada a jijjiga shi, domin zuciyar da ta yi sanyi ƙaramin abu ke rikita bugunta. A ɗauke shi a kwance, a hankali, a nemi asibiti. Kada kuma a yi saurin cewa rai ya yi halinsa: sanyi na rage numfashi da bugun zuciya har su ɓuya, kuma likitoci sun sha farfaɗo da wanda aka fid da rai da shi.

Daskarewar yatsu sai a tsaunukan da ke da ƙanƙara. Yatsa ya yi fari-fari, ya taurare, ba a jin sa. Ba a murzawa, ba a kara shi a wuta, don fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. A sa a hammata, ko a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39, shi ma sai an tabbata ba zai sake daskarewa a hanya ba.

A Kilimanjaro wani abu na ƙaruwa a kan sanyi. Daga mita 2,500 zuwa sama iska na yin sirara, a ƙololuwa kuwa abin da numfashi ɗaya ke kawowa kusan rabin na bakin teku ne. Mutum ba ya iya sauri, don haka ba ya samar da zafi sosai, ga shi hawan ƙarshe da tsakar dare ake fara shi daga sansanin Barafu ko na Kibo, lokacin da sanyi ke ƙasa da sifiri da nisa. Ciwon kai mai tsanani da amai da tangaɗi a wannan tsayi maganinsu sauka ne, ba ƙarin bargo ba. A kowane tsauni ma, a yanke lokacin juyowa tun kafin a tashi, a kuma juyo in ya yi, ko ƙololuwa na gaban ido. Kuɗin mota da aka kashe daga Zamfara ba hujja ba ce. Masu zuwa Chappal Waddi su nufe shi da rani, su tashi da sassafe, su ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, su kuma ji maganarsa in ya dubi sama ya ce a koma.

Saura waɗanda ba a sa su a hoto. Kusan duk mai hawan babban tsauni wani ne ke ɗaukar masa kaya. A Kilimanjaro an sha samun 'yan dako da sanyi ya kashe, don suna hawa da takalmin roba da rigar auduga, su kwana a cunkushe ba shimfiɗa, yayin da mai kayan ke cikin jakar barci mai tsada. Abin ya kai har aka kafa ƙungiyar KPAP a Moshi a 2003, tana ba su aron tufafin sanyi tana sa ido a kan haƙƙinsu, kuma an ƙayyade kayan da za a ɗora wa mutum ɗaya kada su wuce kilo 20. A tsaunukanmu babu mai auna wannan. Ɗan dakon shi ya fi kowa zufa, shi ke fara isa ya zauna jiran ku cikin iska, kuma ba zai ce yana jin ɗari ba, don kada gobe a ɗauki wani. Kafin ku bar ƙauyen ƙarshe, ka ce ya buɗe ƙunshinsa ka gani. In babu rigar ruwa da busasshiyar suwaita da abin shimfiɗa, ka saya masa ko ka ba shi naka na biyu, ka kuma lissafa cikinsa a cikin guzuri.